Takarda ta ce babu, jiki ya ce akwai

Ƙarfe sha ɗaya na dare saƙo ya shigo wayata cewa sakamakon gwajin jinina ya fito. Ina ƙudundune cikin bargo biyu a watan Yuli, ana tsananin zafi a waje amma haƙorana na gwaruwa, na buɗe shafin asibitin. Layuka sun haura talatin, yawancinsu da baƙin rubutu, 'yan kaɗan da ja. Ban tsaya kan ko ɗaya ba, gangarawa kawai nake yi ina neman kalma guda, Laim, sunan wata cuta da cizon kaska ke sa wa mutum. Da na iske ta sai na ga an rubuta negatif a gabanta, wato babu. Na yi hamdala, na miƙa wa maiɗakina wayar na ce, "Kin gani ko? Mura ce." Ta karɓa ta duba ta ce, "To waɗannan jajayen fa, Abban yara? Su ma murar ce?" Na ce ta bari sai da safe.

Ashe layin da ya faranta min rai shi ne mafi ƙarancin amfani a duk takardar a wannan daren. Jajayen da na tsallake su ne ke ɗauke da labari.

Abin ya faro ne kwana goma sha uku kafin a ɗebi jinin. A arewa maso gabashin Amurka muke zaune, inda daji ke zuwa har bayan gidaje, bareyi da ɓeraye na yawo da kaska a jikinsu. Na fita da yara yawo a wata 'yar hanya mai doguwar ciyawa, bayan kwana biyu ina wanka na ji wani ɗan tudu a bayan gwiwata. Na ja, sai ga kaska, ta sha jini ta kumbura, amma duk da haka ba ta fi kan ashana ba. Kaskar da na sani ita ce ta jikin shanu da karnuka, wadda ake hangowa daga nesa. Wannan kuwa in ba ta sha jini ba, ba ta wuce ɗigon biro ba. Na jefar da ita na ci gaba da harkokina. Ban san cewa a yankunan da cutar Laim ta yi yawa, idan kaska ta daɗe a manne haka, likita kan ba da wani maganin kashe bakteriya mai suna doksisaikilin, miligiram 200 sau ɗaya cikin awa 72 da cire ta ba. Ko ranar ma ban riƙe ba. Maiɗakina ce ta ɗauki hoton wurin a wayarta, hoton kuma ya zo da kwanan watansa: 28 ga Yuni. Daga baya wannan kwanan watan ya fi duk abin da na kai wa likita daraja.

Ranar 6 ga Yuli zazzaɓi ya rufe ni, da ciwon kai da ciwon jiki kamar an yi min duka. Babu tari, babu majina. Ranar 9 na je asibiti. Likitar ba ta bar ni na gama bayanin ciwon ba ta shiga jero tambayoyi, duk na kwanaki: yaushe ka shiga ciyawa, yaushe ka cire kaskar, yaushe zazzaɓi ya fara. Har na ɗan ji haushi, don ni magani na zo nema, ba lissafin kalanda ba.

Washegari da sassafe ta kira ni. Ta ce in je in karɓi doksisaikilin a ranar, miligiram 100 safe da yamma, kada in jira sauran sakamako. Na ce, "Likita, ai na gani an ce babu." Ta ce, "Babu me?" Na yi shiru. Bayanin da ta yi min a wayar nan, da wanda na ƙara da shi a makonnin da suka biyo, shi ne wannan.

Gwajin Laim da ake yi a jini ba ya ganin ƙwayar cutar. Ƙwayar, wadda ake kira Borrelia burgdorferi, ba ta cika zama a jini da yawa ba, fata da gaɓoɓi da jijiyoyi take nufa, shi ya sa neman ta kai tsaye a cikin jini ba ya cika cin nasara. Abin da ake aunawa shi ne dakarun da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙar ta. Wato ba ɓarawon ake nema ba, 'yan sintirin da suka fito saboda shi ake ƙirgawa. Su kuma ba sa fitowa a daren da ɓarawo ya haura katanga, sai an yi makonni ana tara su. Rukunin farko da ke fitowa sunansu IgM, na biyu masu zuwa a makare su daɗe su ne IgG. Wanda aka ɗebi jininsa kwana uku da fara zazzaɓi, irina, sau da yawa zai ga babu ko da cutar na jikinsa. Kalmar negatif a ranar 9 ga Yuli ba ta ce ba ni da Laim ba. Abin da ta ce kawai shi ne har zuwa ranar ba a ga dakarun ba.

"To me ya sa za ki ba ni magani?" Ta ce in buɗe takardar mu bi jajayen layukan tare.

Na farko fararen ƙwayoyin jini: 3,100, alhali ana so su kasance tsakanin kusan 4,000 da 11,000. Ni a tunanina duk mai zazzaɓi fararen ƙwayoyinsa hauhawa suke yi, to nawa sauka suka yi. Na biyu ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, filatilet: 98,000, ƙa'ida kuma daga 150,000 zuwa sama. Na uku sinadaran hanta guda biyu, ALT da AST, dukansu sun ninka iyakar sama sau biyu da 'yan kai. Ta ce kowanne shi kaɗai ba wani abu ba ne. Iyakokin da ake bugawa a gefen takarda an tsara su ne yadda za su ɗauki kusan kashi 95 cikin 100 na masu lafiya, saboda haka mutum lafiyayye ma in aka yi masa gwaji talatin, ba abin mamaki ba ne a ga ja ɗaya ko biyu. Amma ukun nan in suka haɗu a jikin mai zazzaɓi, a tsakiyar lokacin kaska, kwana takwas bayan cizo, suna nuna wata cuta daban da Laim, wato anafilasmosis. Ƙwayarta, Anaplasma phagocytophilum, cikin fararen ƙwayoyin jini take shiga ta zauna, kuma kaska ɗaya ce ke ɗauke da ita da Laim ɗin. Laim ita kaɗai ba ta cika saukar da filatilet da fararen ƙwayoyi haka ba. Ta ce ba a jiran tabbaci kafin a fara maganin wannan cutar, don jinkiri ne ke kai mutane gadon asibiti, kuma an yi sa'a maganin guda ne da na Laim.

Tabbacin ya zo ranar 12 ga wata. Wannan karon gwajin PCR ne, wanda ke neman ƙwayoyin gadon halittar ita kanta cutar a cikin jini, wato shi ɓarawon yake kamawa. An rubuta an gano. Ƙa'idarsa kishiyar ta farko ce: ya fi kaifi a makon farko na ciwo, in aka sha maganin na 'yan kwanaki kuma sai ya dushe. Da an jinkirta ɗibar jinin har bayan na fara shan magani, da wataƙila shi ma babu zai ce. Jini ɗaya, rana ɗaya, ga gwajin da ya yi wa wuri, ga wanda ya zo a kan gaɓa.

Kafin sakamakon ya fito ma zazzaɓin ya sauka. Kwana biyu da fara magani na tashi na yi wanka da kaina, abinci ya dawo min da ɗanɗano. Likitar ta ce wannan ma shaida ce, don anafilasmosis kan saki mutum cikin kwana ɗaya zuwa biyu da fara doksisaikilin, in bai saki ba sai a sake tunani.

A ranar ce kuma maiɗakina ta ga jan tabo a bayan cinyata, sama kaɗan da inda kaskar ta ciza, wurin da ni ba na iya gani. Faɗinsa ya kai tafin hannu, ba ƙaiƙayi, ba zafi sosai. Hotunan da ke intanet duk na farar fata ne, ja jawur da zobe a cikin zobe. Nawa a baƙar fata ya fi kama da inda aka buge mutum, duhu-duhu mai ɗan ja, kuma babu wani zobe a tsakiya. Likitar ta auna shi, ta ce, "Ga Laim ɗinka nan." Wannan tabon kan fito tsakanin kwana 3 zuwa 30 bayan cizo, a kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu, kuma in ya fito a jikin wanda ya shiga yankin cutar, shi kaɗai ya wadatar, ba a buƙatar gwajin jini. Gani ya kori ji. Cututtuka biyu ke nan daga kaska ɗaya, takarda ta kama guda, idon matata ya kama guda.

Na ɗauka an gama. Ina shan magani da ruwa mai yawa, ina gudun rana kamar yadda aka ce, don yana sa fata saurin ƙonewa. Amma wajen 20 ga Yuli, saura kwana huɗu in gama, sai wani abu ya sake tasowa, kuma kamanninsa daban. Zufa da dare har sai an canza zanin gado. Sanyi ya zo ya tafi. In na hau bene sai in tsaya a tsakiya ina haki. Fitsari ya yi duhu kamar ruwan tsatsa. Duk wanda ya taɓa yin zazzaɓin cizon sauro ya san wannan yanayin, ni kuwa na yi shi ba sau ɗaya ba a ƙuruciyata. Na ce wa maiɗakina, "Wallahi wannan maleriya ce." Ta ce, "A ina ka samo ta? Rabonka da inda ake maleriya shekara uku."

Ranar 25 aka sake ɗibar jini. Wannan karon na fara da jajayen. Fararen ƙwayoyi sun dawo daidai. Hemogulobin, ma'aunin yawan jini, wanda yake 14.2 a takardar farko, ya sauko 11.0. Da takarda ta biyun kaɗai na gani da sai in ce ƙarancin jini ne ɗan kaɗan, amma da na ajiye su gefe da gefe sai na ga abin da ya ragu cikin kwana goma sha shida, ni kuwa ban zubar da jini ta ko'ina ba. Amsar inda ya tafi tana layuka uku na ƙasa. LDH ya hau, shi sinadari ne da ke zubowa idan ƙwayoyi suka fashe. Bilirubin, wanda ke sa idon mai ciwon shawara ya yi rawaya, ya hau. Haftogulobin kuma, wanda aikinsa kwashe hemogulobin da ya zube daga fasassun ƙwayoyi, ya kusa ƙarewa, kamar tsumman da aka yi ta goge ɓari da shi har ya cinye. Ma'ana jajayen ƙwayoyin jinina ake fasawa a cikin jiki.

A ƙarshen shafin akwai rahoton wanda ya shafa jinin a gilashi ya duba a madubin likita. Ya rubuta cewa ya ga ƙwayoyin cuta masu siffar zobe a cikin jajayen ƙwayoyi, kashi 1.2 cikin 100, yana zargin Babesiya, wata ƙwayar cutar da ita ma kaska ke ɗauke da ita, amma bai kawar da maleriya ba.

Nan take na kira yayata. Ta shekara sama da ashirin tana aikin ɗakin gwaji, gilasan maleriyar da ta duba Allah kaɗai ya san yawansu. Na karanta mata rahoton. Ta ce, "Auta, tsaya tukuna, kada ka sha komai. An yi maka gwajin gaggawa na maleriya, na ɗigon jini?" Na ce an yi, babu. "Sun ce sun ga masu siffar jinjirin wata?" Na ce ba su ce ba. "Baƙin ɗigo fa a cikin ƙwayar cutar?" Shi ma babu. Ta ce, "To kama da wane ba wane ba ne." Ta yi min bayani cewa zoben Babesiya da na falsifarum, mafi munin nau'in maleriya, kusan ba a raba su da kallo ɗaya. Amma maleriya kan bar baƙin ɗigo, ragowar hemogulobin da ta ci, Babesiya ba ta bari. Falsifarum na da wani mataki mai siffar jinjirin wata, Babesiya ba ta da shi. Babesiya kan fito wajen jar ƙwaya a gan ta a fili, wani lokaci kuma a ga huɗu sun jeru kamar gicciye a cikin ƙwaya ɗaya. Wannan gicciyen in aka gan shi magana ta ƙare, sai dai ba kasafai ake dacewa da shi ba. Ta ce ita kanta a littafi kawai ta san shi a jinin mutum. Sannan ta ƙara da abin da ya fi tsaya min a rai: "Da ni aka kawo wa gilashin nan ba a faɗa min kaska ta cije ka ba, maleriya zan rubuta, kuma ba wanda zai ga laifina."

PCR ya tabbatar da Babesia microti bayan kwana biyu. Ita ba bakteriya ba ce kamar biyun farko, 'yar uwar ƙwayar maleriya ce, shi ya sa doksisaikilin da na yi mako biyu ina sha bai kashe ta ba. Na tambayi likitar me ya sa ba a gan ta tun ranar 9 ba, tunda a takardar farko ma akwai layin duba jini a madubi, kuma an rubuta ba a ga komai ba. Ta ce cutar kan ɗauki mako ɗaya zuwa huɗu bayan cizo kafin ta bayyana, kuma da farko ƙwayoyin kan yi ƙaranci har mai duba ya zagaye gilashi bai ci karo da ko ɗaya ba. Wani "babu" ke nan da kwanan wata ya warware.

Tambayarta ta farko ita ce ko saifata na nan, ba a taɓa cire ta ba. Saifa ce ke tace jajayen ƙwayoyin da cutar ta shiga, kuma waɗanda ba su da ita, da tsofaffi, da masu raunin garkuwa, su ne cutar ke kayarwa. In adadin ya haura kashi 10 cikin 100 har musanyar jini akan yi tunanin yi. Nawa 1.2 na gida ne. Ta rubuta atobakon, wani ruwan magani mai kauri rawaya shar, da azitromaisin, na kwana goma. Abin dariya, atobakon ɗin yana cikin haɗin wani maganin maleriya, tsohon maganin Babesiya ma har da kwinin a ciki, saboda haka hasashena bai yi nisa da gaskiya ba, gidan maƙwabci na ƙwanƙwasa. A dararen da zufa ta hana ni barci na karanta cewa a jikin shanu aka fara gano Babesiya, ko da yake ba irin tawa ba. Victor Babeș ne ya bayyana ta a Romaniya a 1888, a shanun da ke fitsarin jini, kuma a 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka nuna cewa kaska ce ke yaɗa ta tsakanin shanun Texas. Duk wanda ya taɓa kiwo ba zai yi mamaki ba. Laim kuwa jaririya ce a kanta, sai a 1975 aka lura da ita a wani gari mai wannan suna a jihar Kanetikat, inda yara suka yi ta kumburin gaɓoɓi, ƙwayarta kuma sai a farkon shekarun 1980 Willy Burgdorfer ya gano ta.

Bayan kwana biyar aka sake shafa jini, ba a ga komai ba, hemogulobin kuma ya fara hawa.

Abin da ya biyo baya ni na jawo wa kaina. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Takarda ta ce min babu sau biyu kuma aka samu, don haka na matsa sai an sake gwajin Laim. Likitar ta ce ba shi da amfani, tabo ya riga ya yanke hukunci, magani kuma na sha. Na nace. Ranar 20 ga Agusta aka ɗebi jini, kuma takardar da ta fito ta fi duk na baya rikita ni.

Gwajin mataki biyu ne. Na farko, ELISA, raga ce mai faɗi, tana kama dakarun Laim amma tana kama wasu masu kama da su, irin na tunjere ko na wasu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita. Shi ya sa in ya nuna akwai, ko ya tsaya a tsakiya, sai an wuce mataki na biyu. Nawa ya nuna akwai. Mataki na biyu, Westan bulot, yana rarraba sunadaran jikin ƙwayar cutar gwargwadon nauyinsu, ya duba waɗanne ne dakarun jinin mutum ke cafkewa. Kowanne da lambarsa, lambar kuma nauyinsa ce. A ɓangaren IgM lambobi uku ake duba, 23 da 39 da 41, sai an samu biyu kafin a ce akwai. A ɓangaren IgG goma ne, 18, 23, 28, 30, 39, 41, 45, 58, 66 da 93, kuma sai an samu biyar. An tsayar da wannan ƙa'ida a wani taro a Dearborn ta jihar Mishigan a 1994, a 2019 kuma aka amince da wata hanyar ta daban, wadda ake maye gurbin mataki na biyun da wani gwaji irin na farko.

Nawa: IgM biyu, 23 da 41, an rubuta fozitif, wato akwai. IgG uku, 23 da 39 da 41, an rubuta negatif. Shafin ya jero kowace lamba a layinta, biyar daga ciki da jan rubutu. Na zauna ina kallonsu. Ina da ita ko ba ni da ita? In IgM ne dakarun farko, kuma ga su nan, ai ke nan cutar sabuwa ce fil, magani bai yi aiki ba.

Daren nan na faɗa intanet, kuma a nan na ga yadda mutane ke nutsewa. Wani ya ce lamba ɗaya ma ta isa hujjar cewa cutar ta yi kanta a jiki. Wata ta ce likitoci ɓoye gaskiya suke yi. Aka nuna min ɗakunan gwaji masu nasu ƙa'idojin karatu, da masu auna fitsari, da masu haɗa cututtuka fiye da goma a gwaji ɗaya. Ba na raina masu wannan magana. Yawancinsu mutane ne da ke cikin ciwo na gaske, wasu an daɗe ana sallamarsu da "ba ka da komai", ni ma da na haɗu da mai sallama a ranar 9 ga Yuli da ban san inda zan kai ba. Amma na lura da abu guda: kowa lambobinsa yake liƙawa, kusan ba mai faɗin ranar da aka ɗebi jinin ko ranar da ciwo ya fara.

Na koma wurin likitar da takardar a buge, na ja layi a ƙarƙashin jajayen. Ta ɗauki biro ta ƙirga daga 6 ga Yuli zuwa 20 ga Agusta, kwana 45. Ta ce ɓangaren IgM ana la'akari da shi ne kawai in ciwo bai wuce kwana 30 ba, bayan nan ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai, don yana yawan nuna akwai a inda babu, kuma yana iya zama a jini wata da watanni bayan an warke. Lamba 41 sunadarin wutsiyar da ƙwayar ke iyo da ita ce, wasu ƙwayoyin da dama na da irinta, har da waɗanda ke zaune a bakin mutum, shi ya sa ake ganinta a jinin mutanen da ko kaska ba su taɓa gani ba. IgG ɗina kuma bai kai biyar ba, kuma wataƙila ba zai taɓa kaiwa ba, don wanda aka ba magani da wuri sau da yawa garkuwarsa ba ta samun lokacin kammala shiri. Ko da goma cif aka gani, in ji ta, ba zai nuna cutar na nan ba, don 'yan sintiri kan shekara a bakin ƙofa bayan ɓarawo ya tafi. Babu gwajin dakaru da ke nuna an warke. Na ce, "To, Likita, takardar nan me ta amfana min?" Ta ce, "Kai ka nema."

Na tambaye ta batun babban gwajin nan mai cututtuka da yawa. Ta ce kowane gwaji na da ɗan kuskurensa, in ka jera goma sha biyu ba tare da dalili ba, ɗaya zai haska ko da lafiyarka ƙalau, sai ka wayi gari kana shan maganin cutar da ba ka da ita. Ta ba da misali da Bartonella, wadda ake yawan sawa a jerin, ta ce har yanzu ba a tabbatar kaska na sa wa mutane ita ta hanyar cizo ba. Hujjar neman cuta ta biyu, in ji ta, ita ce irin abin da ya same ni: zazzaɓin da ya ƙi sauka ko ya dawo ana cikin shan magani, ko jini na raguwa, ko filatilet sun faɗi.

Layi ɗaya ne a takardar Agusta ya yi amfani, shi ma sai da na karanta shi a juye. Dakarun anafilasma, an rubuta 1:512, a takardar Yuli kuma ƙasa da 1:64. Na ɗauka ɗaya cikin 512 ai ƙarami ne, abin ya ragu ke nan. Ashe tsarma ruwan jinin ake yi, a ninka, a sake ninkawa, har sai an daina ganin dakarun. Lambar ƙarshe ita ce iya tsarmin da suka jure, don haka girmanta yawansu ne. Lamba ɗaya tilo ba ta faɗin komai, tana iya zama ragowar cizon bara. Abin da ake nema shi ne a auna sau biyu da tazarar makonni a ga ta ninka aƙalla sau huɗu, kamar daga 1:64 zuwa 1:256. Tawa ta wuce haka.

Gajiya ba ta sake ni da wuri ba. Har cikin Oktoba ina kwanciya da la'asar kamar tsoho, kuma babu layi ko ɗaya a takarda da ya nuna ta. Likitar ba ta ce ƙarya nake ba, ba ta kuma ƙara min magani ba. Ta ce hakan na faruwa ga wasu bayan waɗannan cututtuka, ta duba hemogulobin ya koma 13.9, sinadaran hanta sun daidaita, ta ce in dawo in gwiwa ta kumbura, ko fuska ta karkace, ko bugun zuciya ya rikice, ko zufar dare ta dawo. Babu wanda ya faru. A hankali ƙarfi ya dawo, ba zan iya cewa ga ranar ba.

Cikin Fabrairu aka kawo motar karɓar gudummawar jini wurin aikinmu, na shiga layi kamar yadda na saba. Da matar ta zo kan tambayar ko na taɓa yin babesiyosis, wato cutar Babesiya, na ce na yi amma na warke sarai, har na zaro wayata zan nuna mata takardar da ta ce ba a ga komai ba. Ta ce ba sai na nuna ba. Ƙwayar kan iya saura kaɗan a jini na watanni mai ita bai sani ba, kuma tana bin ledar jini ta shiga jikin wanda aka ƙara wa, shi ya sa ake dakatar da mutum shekara biyu. Ta ɗaga biro ta ce, "Yaushe aka gano ta?" Ban ko duba wayar ba na ce mata 25 ga Yuli.